Ba a Fita Sai Ƙwaron Ya Mutu

Shekara biyar ke nan da bango ya danne Yaya Hamisu a Nakkasa, unguwarmu a nan Makka. Shi ne babban wana, shi ya riƙe ni da Inna bayan rasuwar Baba. Sana'arsa feshin ƙwari a masaukan alhazai na Jarwal. Da safe zai goya tankin magani ya sauka daga dutse, da yamma ya dawo idonsa jajur, kayansa na warin fiya-fiya, yana ba mu labarin kuɗin cizo da kyankyason da ya hallaka kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma duk sa'ad da na fara sai in ajiye alƙalamin. 'Yata Hanan ce ta sa na zauna yau.

Wanda ya tashi a layinmu ya san ɗakin Yaya na saman soro. A lokacin babu gidan sinima ko ɗaya a ƙasar nan. Shi kuwa yana da tsohon talabijin mai ƙaton baya, da bidiyo, da kwali guda na kaset da wani ɗan Masar mai gyaran rediyo ya bar masa. Kusan duka finafinan Turawa ne na da, baƙi da fari, kuma duk iri ɗaya: ƙwaro ya sha wata guba ya zama ƙato, ya shigo gari. Akwai na tururuwa, akwai na zanzaro, akwai na fara. Kowace Alhamis bayan la'asar yaran layi za su cika ɗakin, a rataya bargo a taga, a tashi kafin kiran magariba.

Yaya ba ya jin Turanci ko kalma. Sai ya rage muryar, ya tsaya gefen talabijin da sandar feshinsa a hannu yana yi mana fassara daga kansa. Babban soja sunansa Alhaji Tanko. Mai farar riga da tabarau Malam Na-Allo. Matar da ba ta da aiki sai ihu ita ce Ladidi. Idan ƙwaron ya taso daga bayan tudu, sai Yaya ya maƙale murya ya ce, "Alhaji Tanko, ga baƙo nan, kuma ba shi da biza." Mu kwashe da dariya, muna dariyar muna matse juna.

Don abin ba na wasa ba ne. Har yau ina ganin wani soja da ƙwaron ya kama a ƙugu da muƙamuƙinsa, ya ɗaga shi sama yana wutsil-wutsil, ya datse shi biyu, ƙafafun suka faɗo daban suna harbin iska. Ina ganin jirgin ƙasa da aka yage kamar gwangwanin kifi, mutane na zubowa. Ina ganin inda aka watsa wa ƙwaron wuta, yana birgima yana kuka irin na ƙarfe da ake goga wa ƙarfe, cikinsa ya fashe wani farin ruwa ya malalo kan titi. Akwai inda ya taka motar 'yan sanda ta lotse, nan yaran da iyayensu ba su da iƙama, takardar izinin zama, suka miƙe suna tafi. Yaya ya harare su, amma na ga yana danne murmushi.

Doka ɗaya gare shi. Wanda ya shigo ba ya fita sai ƙwaron ya mutu. Da kansa yake sa sakata. Wata rana, ina 'yar shekara takwas, na tashi da kuka na nufi ƙofa, ya damƙo hannuna.

"Ina za ki, Balki?"

"Gida. Tsoro nake ji."

"In kin fita yanzu da ransa za ki tafi da shi. Zai bi ki ɗakin Inna, ya bi ki banɗaki. Zauna ki ga gawarsa."

Ya zaunar da ni gabansa, ya nuna mini allon da bakin sandarsa. "Dubi saman ƙafar nan. Me kika gani?" Na duba, sai ga wani siririn zare yana ɗaga ƙafar. "Akwai mutum a bayansa," in ji shi. "Wani ne can yana gumi yana ja, ƙila ma bai ci abincin rana ba."

Idan fim ya ƙare, sojoji sun tsaya kan gawa hayaƙi na tashi, sai Yaya ya buɗe leda. Soyayyar fara ce da yaji, daga wajen wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke layin ƙasa. Kowa sai ya ci, ko ɗaya ce. "Turawan nan gudun abinci suke yi," in ji shi. "Da garinmu wannan ya sauka, da mata sun fito da buhu da kasko. Ɓalle kan. Yauwa. Ƙanensa ne kika cinye, me ya rage?" Ban taɓa mafarkin ƙwaro ba bayan na ci farar nan.

Sai aka zo rushe unguwa. An shafa wa gidaje jan fenti, an ba mutane lokaci, kowa na kwashe abin da zai iya. Ni na riga na yi aure, Hanan tana goye. Ranar na zo taya Inna sauko da tukwane. Gidajen Nakkasa a jikin dutse suke, wannan ya jingina da wancan, bangon na sama shi ne rufin na ƙasa. Ba a zo kan namu ba tukuna, gidan da ke samanmu ake ci. Yaya ya hau soro ya ɗaure kwalin kaset ɗinsa.

Ina kan matakala da tukunya a ka na ji ƙarar. Katafila ce mai dogon wuya, wadda a nan muke ce wa boklen, ruwan ɗorawa, ta hau tudun tarkace. Na ga wuyan ya miƙe sama, kan ya buɗe da haƙora, ya sauko ya ciji kusurwar gidan sama, ya ja. Bangon bai bi ta ba. Ya yi tsaye kamar yana tunani, sannan ya kwanto ta wajenmu. Ƙasa ta girgiza har tukunyar ta suɓuce. Ƙura ta rufe rana. Da ta lafa, ɗakin Yaya babu shi, sai bulo da ƙarafa a lanƙwashe, da baƙin zaren kaset ya warware yana rataye ko'ina yana kaɗawa.

Maza suka hau suna tono da hannu. Na ga farcen wani ya fita bai ma sani ba. Na ga sun ɗaga wani falalen siminti, sai ga ƙafar Yaya, da silifas ɗinsa, ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Jini ya biyo matakala ya haɗu da ƙura ya zama taɓo, ya iso har yatsun ƙafata. Boklen ɗin tana nan a sama, injinta na ruri, kanta a ɗage. Wannan ne abu na ƙarshe da na gani. Mata suka rufe mini fuska da mayafi, suka ja ni ƙasa ina turjewa. Ban ga fuskarsa ba. An yi masa salla a Harami, maza suka kai shi, mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Aka ce mini direban bai san da mutum a ciki ba, ya zauna a ƙasa yana dukan kansa. Ni ban ga wannan ba. A wajena boklen ɗin tana nan da kai a sama.

Muka koma wani ɗan ɗaki a unguwar Tandabawi. Tun daga ranar, in na ji ƙarar injin gini sai in canza hanya. Garin nan kuwa ba ya rabo da rusau da gini. Na hana a kunna irin waɗancan finafinai a gidana. Na zama uwar da ke leƙa ƙarƙashin katifa, mai shinshina tukunyar gas, mai taɓa bango ta ji ko yana motsi.

Watan da ya wuce, Hanan ta ɗauki wayar babanta. Na shigo daga wanki na same ta a ƙudundune, a allon kuma ga shi nan, baƙi da fari, ƙaton ƙwaro ya danne mutum yana tsinke masa hannu. Ban san tsofaffin nan suna yawo a waya ba. Na fizge na kashe, na yi mata tsawa. Daga ranar yarinya ta canza. Ba ta shiga banɗaki ita kaɗai. Ta ga kyankyaso ta yi ihu har muryarta ta dishe. A bakin layinmu kuwa an fara rushe wani tsohon bene, boklen na aiki, kuma ta nan ne hanyar makarantarsu. Da safe in na kamo hannunta muka kai kwana, sai ta zube ƙasa tana harbi, ta ciji hannuna har ya yi jini. Da Larabci take ihun, don shi ya fi zama a bakinta: zai cinye mu, Umma, zai cinye mu. Kwanaki suka tafi ba ta je ba, malamarsu ta aiko cewa in abin ya ci gaba za a ba wata gurbinta. Mun sha wuya kafin mu samu gurbin nan.

Na yi mata tofi, na kai ta wajen malami, na yi lallashi, na yi faɗa. Baban Hanan yana tura keken tsofaffi a Harami, ya dawo a gajiye ya same mu ni da ita duk muna kuka. Ya zauna ya cire takalmi ya ce, "Maman Hanan, ke kika ba ni labarin dokar Yaya. Rabin abin kawai ta gani."

Na san ba ita kaɗai yake nufi ba.

Ranar Alhamis na je na nemo fara wajen wata mata mai saro kaya daga hannun alhazan Nijar. Na soya da yaji. Bayan la'asar na rataya bargo a taga, na sa sakata, na ɗora Hanan a cinyata, na jingina wayar da filo. Na rage muryar. Na ce, "Wannan sunansa Alhaji Tanko." Ta dube ni. Da aka zo inda ake tsinke hannun ta yunƙura za ta gudu, na riƙe ta, zuciyarta na bugun tafina, tawa na bugun bayanta. Na ce, "Dubi saman ƙafar. Me kika gani?" Ta daɗe tana kallo ta tsakanin yatsu. Ta ce, "Igiya." Muka kalli yadda aka yi masa ruwan wuta, ya faɗi ya rushe rabin titi, ƙafafunsa suka naɗe ɗaya bayan ɗaya. Na ba ta fara. Ta juya ta, ta ɓalle kan, ta tauna, ta miƙo hannu a ƙara.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yau. An buɗe gidajen sinima a Jidda, yara na kallon dodannin da kwamfuta ta zana, masu sheƙi, har gashin ƙafarsu ana gani. Ina jin zai je sau ɗaya, ya dawo ya ce ba su da kunya, sun ɓoye zaren. Kuma ina jin zai yi dariya in ya ji tsofaffin nasa ba su mutu ba, har yarinyar da ba ta san kaset ba ta tono su. Na yi ta tunanin me ke mayar da mutane gare su. Abin da na gane shi ne, a cikinsu abin tsoro yana da jiki. Yana da ƙafa shida da za ka ƙirga, da ciki da wuta ke ci. Yana zuwa, ya yi ɓarna, a taru a kashe shi, a rubuta an gama. Abubuwan da ke cin mu a nan, takarda da ta ƙare, jan fenti a bango, ba su da gawar da za ka tsaya a kai.

Ranar Lahadi, wadda a nan ranar makaranta ce, muka fita. Ban kai ta makaranta da safe ba, na jira wajen azahar. Muka tsaya a tsallaken titi, daidai inda boklen ke aiki. Wuyan ya tashi, haƙoran suka kafe a bene na biyu, taga da ƙarfenta suka yage, siminti ya zubo kamar tsawa. Hanan ta matse hannuna, ni ma na matse nata, ban san wa ke riƙe da wa ba. Muka tsaya. Aka kira salla. Rurin ya ragu, wuyan ya sauko a hankali har kan ya kwanta a ƙasa, injin ya mutu. Ƙofar gefe ta buɗe. Wani siririn mutum mai furfura ya sauko yana dafa ƙugu, ya cire takalmi, ya ɗauki gorar ruwa ya tsuguna yana alwala.

"Umma," in ji Hanan, da Hausa, "akwai mutum a ciki."

Na ce mata akwai.

Washegari ta wuce ta wajen da jakarta a baya, tana ɗan rakuɓewa jikina, amma ta wuce. Gurbinta yana nan.

Yaya Hamisu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Layin da muka tashi yanzu fili ne, ko matakalar ba zan iya nunawa ba. Kabarinsa ba shi da suna, kamar na kowa a garin nan. Kaset ɗinsa suna cikin tarkacen da aka kwashe. Abin da ya rage nasa shi ne yarinyar da ba ta san fuskarsa ba, wadda yanzu duk Alhamis take rataya bargo da kanta, ta kira 'ya'yan maƙwabta, ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu tana gaya musu da Hausarta mai karkata cewa ba a fita sai ƙwaron ya mutu. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ƙasar Makka ta yi masa sauƙi fiye da yadda bangonta ya yi masa.