Ranar da Fitilar Motata Ta Kai Saƙon Mutuwa

Shekaru kan goge abubuwa da yawa daga zuciyar mutum, amma wannan da zan ba ku labari ya ƙi goguwa, kuma na san da shi za a kai ni kushewa. Ko yanzu da furfura ta fara cin gemuna, in na tuna ranar sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, in rasa inda zan sa idona, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni manomin rani ne a gefen Tiga. Shekarar da albasa da tumatir suka yi min kyau na sayi a-kori-kura 'yar Kwatano don kai kaya kasuwa. Motar tana da wata dabara da ban saba da ita ba, fitilunta na gaba su ke kunna kansu. Akwai wani ɗan ido a gindin gilashin gaba, da gari ya yi duhu sai fitila ta kama, in haske ya dawo ta mutu. Wanda ya sayar min ya ce in bar makunnin inda yake, ni kuwa na bar shi. Sai dai daga ciki babu abin da zai nuna maka sun kama. Da magariba za ka ga haskensu a titi, amma da rana, in hadari ne ya rufe gari, na waje kaɗai ke gani. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

A damunar shekarar yayan matata ya kwanta. Ciwon ciki ne mai tsanani, har aka kai shi wani asibiti a Kano aka yi masa aiki. Shi ne ɗan farin surukata, wadda muke kira Inna. Kun san halin iyayenmu na da a kan ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in an ɗauko maganarsa sai ta kau da kai. Ko da aka tafi da shi asibiti ba ta tambayi kowa jikinsa ba. Matata ce ta lura tuwonta kan dawo yadda aka kai shi.

Wata ranar Talata na je dubiya, kuma mutanen gidan surukaina sun san na tafi. Na tarar da shi zaune yana shan kunu, idonsa ya washe.

"Ka gaya wa Baba," in ji shi, "kada wanda ya taɓa min masarar bayan gida. Da kaina zan zo in karya."

Na fito ina murna. Abin da ya kamata shi ne in ɗaga waya nan take in sanar da su. Amma sai zuciya ta raya min in kai albishir ɗin da bakina, a sabuwar mota, a ga surukin kirki. Wayar ma da na kashe mata ƙara a asibiti na manta da ita a aljihu.

Na biya kasuwa na sayi bututun roba na ban-ruwa, aka yanka min su daidai tsawon bayan mota. Na sayi sabuwar tabarma tsaraba ga Inna. Don kada bututun su yi ta gwaruwa su tsage, na naɗe su cikin tabarmar, na ɗaure da igiya gaba da tsakiya da baya, na shimfiɗe a bayan mota. A Kwanar Dangora na ga wasu dattawa biyu 'yan ƙauyen da ke gaba da na surukaina suna jiran mota. Kujerar gaba cike take da kwalayen iri da maganin feshi, suka ce ba komai, bayan ma ya fi iska. Suka hau, ɗaya ya zauna dama da tabarmar, ɗaya hagu.

Muna barin kwalta muka kama hanyar ƙasa ta wajen Kiru, hadari ya taso baƙi ƙirin, alhali ko la'asar ba a kira ba. Aka fara yayyafi. Dattawan suka ja rawunansu suka rufe fuska suka sunkuyar da kai. Hanya ta yi santsi, na koma tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Yanzu ku haɗa hoton da kanku, wanda ni ban haɗa ba. Mota ta fito daga asibiti, fitilu a kunne da rana tsaka, tana tafe sannu, a bayanta abu mai tsawon mutum naɗe a tabarma, dattawa biyu sun sa shi tsakiya kansu a ƙasa. A wajenmu babu mai kunna fitila da rana sai wanda ya ɗauko gawa.

Na ga masu noma suna ajiye fartanya suna miƙewa. Na ga wani ya ɗaga hannuwa sama. Ni kuwa, Allah ya yafe min wauta, na ɗauka motar suke yabawa, har ina ɗaga musu hannu. Wani mai babur ya zo daidai taga ya leƙa baya, ya ce wani abu da ban ji ba saboda gilashi a rufe, ya ƙara wuta ya wuce. Ɗaya daga dattawan ya shiga buga rufin mota. Na zaci rami yake nuna min, na ƙara rage gudu.

Da na karyo kwanar gidan na ji kukan mata. Ƙofar gida ta cika, ana shimfiɗa tabarmi a zaure, liman na tsaye kusa da Baba. Na ce a raina ko wani ne ya rasu a gidan. Ban gama buɗe ƙofa ba sai ga Inna ta fito a guje, babu mayafi, babu takalmi. Matar da ban taɓa ganin tsakar kanta ba. Ta kama gefen mota, ta rungumi tabarmar, ta ƙwalla kiran sunan ɗan farinta. Ta kira, ta sake kira, da wata murya da har yau nakan ji ta a kunnena. Sannan ta sulale ƙasa cikin taɓo.

Na durƙusa gaban Baba, surukina. "Baba, lafiya?"

"Kai za mu tambaya. Yaushe ya cika?"

"Wa?"

Ya dube ni. Nan ne abin ya fara shiga kaina.

"Wallahi Baba lafiyarsa ƙalau. Kunu na baro shi yana sha."

Baba ya nuna bayan motar.

"To mene ne a tabarmar?"

"Bututu ne. Na ban-ruwa."

"Na yi ta kiran wayarka ba ka ɗauka ba. Fitilar kuma fa?"

Na waiwaya. Ga su nan kamar idon mujiya, suna haska bangon zaure. Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Tashi ka kashe ta."

Na shiga mota, kuma a gaban jama'ar gari na gane ban san yadda ake kashe ta ba. Na murɗa wannan, abin share gilashi ya tashi. Na danna wancan, ƙaho ya yi ƙara. Na zare makulli, fitilun suka ƙi mutuwa sai da suka ga dama. Wani ya fara dariya a baya, liman ya tsawatar. Aka tura mai babur ɗin nan, wanda ashe shi ya riga ni kawo labarin gawa, ya maido waɗanda suka ɗauki magirbi suka nufi maƙabarta.

Mata suka yayyafa wa Inna ruwa ta farfaɗo, aka gaya mata gaskiya. Ta yi hamdala, sannan na ga ta tuna abin da bakinta ya furta a gaban maza da mata da jikoki. Ta ja gefen zaninta ta rufe fuska, aka shiga da ita. A faɗuwar ta gurɗe a wuyan hannu, amma ba shi ne ciwon ba. Har damunar ta fita ba ta je suna ko biki ba. Ni kuwa ban kwana a garin ba ranar, ban ko sha ruwan gidan ba. Tabarmar ma kunya ta hana ni miƙa ta.

Da gari ya waye na nufi wajen wani mai wayarin mota a Kwanar Dangora. Na ce ina so a sa min abin da zai nuna min in fitila ta kama. Ya ce abu ne mai sauƙi. Ya ciro waya daga layin da ke kai wuta ga fitilun gaba, ya ratso da ita ta ƙarƙashin sitiyari, ya huda wani ɗan gurbi kusa da agogon gudu ya dasa ƙaramin ƙwan fitila kore. Yana aiki yana hira.

"Gara da ka zo, Alhaji. Ka ji abin da ya faru jiya a wajen Kiru? Wani sakarai ya shiga garin surukansa da fitila a kunne, saura kaɗan a yi wa bututu sallah."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Na ce, "Allah ya kyauta," na sunkuya kamar ina duba taya. Ya ɗora hularsa a kan ɗan idon nan, fitilu suka kama, koren ƙwai ya haska. Ya ɗauke, ya mutu. Sannan ya nuna min yadda ake kashe su da hannu. Da zan tafi ya dubi motar, ya dubi bututun da ke baya, sannan ya dubi fuskata. Na ja mota ban waiwaya ba.

Bayan an sallami yayan matata, shi ya zo har gona ya same ni. Na shirya jin faɗa. Muka zauna a kan kunyar gona, ya daɗe yana wasa da ƙasa a hannu.

"An ce ta kira sunana," in ji shi.

Na ce haka ne.

"Yaya ta faɗe shi? Ni ban taɓa ji ba."

Bai jira amsata ba. Ƙaton mutum mai 'ya'ya ya juya min baya, kafaɗunsa na rawa. Da ya natsu ya ce ba ya riƙe da ni, Inna ma ta ce a gaya min ta yafe. Na gode masa, amma yafiyar ba ta ɗauke min nauyin ba, domin abin da tsohuwar nan ta rufe tsawon rayuwarta ni na yaye shi a bainar jama'a, saboda son a yaba min.

Abin da na koya shi ne labarin mara lafiya amana ce, ba kwalliyar mai kai shi ba. In ka fito daga wajen wanda ake zullumi a kansa, ka aika da magana tun kafin ka ɗaga ƙafa, domin masu jira ba hutawa suke yi ba, kuma zuciyar da ke cikin tsoro duk abin da ta hango daga nesa mummunar fassara take yi masa.