Kujerun Ƙofar Shagon Mai Risho

Ni na ƙera duk kujerun da ke ƙofar shagon Mai Risho. Na ƙarfe ne, masu hannu, da koren fenti, kuma babu wadda ta taɓa lotsawa, duk da cewa masu zama a kai Allah ya hore musu jiki. Shagona na walda yana manne da nasa, bango ɗaya ya raba mu. Abin da zan faɗa a kansa da idona na gani.

Mutanen layi Likita suke ce masa, ni ma haka. Ba likita ba ne, harhaɗa magunguna ya karanta a jami'a, amma ya gaji da gyara wa mutane. Abokan karatunsa kuwa Mai Risho suke kiransa, domin a ɗakin kwanan ɗalibai shi kaɗai ne yake da risho. Ɗakinsa kowa ke zuwa ya dafa abin da ya samu, ya tafi ya bar masa tukunya ba wanki. Su da kansu suke ba da labarin suna ƙyalƙyala dariya. Shi in an zo wurin tukunyar murmushi kawai yake yi.

Da suka gama karatu kowa ya kama aikin gwamnati. Shi ma ya taɓa, a wani asibiti, bai daɗe ba ya ajiye ya buɗe kemis. Tun daga nan yake tsaye bayan kanta. Ya yi aure, ya haifa, ya aurar, ya binne matarsa, duk daga bayan kantar nan yake fita ya dawo. Ban taɓa riga shi buɗe shago ba, kuma ni ba malalaci ba ne.

'Yan shekararsu suna da guruf a waya. Shekara da shekaru labarin da ke shigowa iri ɗaya ne: an ƙara wa wane girma, wane ya zama darakta, an tura wane kwas ƙasar waje. Yakan sa tabarau ya karanta, ya rubuta "Allah ya sanya alheri", ya koma sallamar mutane. Daga baya labarin ya juya ya zama na ritaya. Sai ka ga hoton mutum cikin sabon ɗinki ana miƙa masa agogon bango. Wata rana ya nuna mini ɗaya, ya ce su masu shago ba wanda zai ba su agogo, sai dai a wayi gari a ga ƙofa a rufe.

Cikin abokan nasa Injiniya ne ya fara zuwa. Litinin ɗin da ta biyo bayan ritayarsa ya zo da safe, tsaf da shi, har da biro a aljihu. Ya ce wucewa yake yi. Ya tsaya jikin kanta har azahar. Washegari ma wucewa yake yi. Ranar ta uku Likita ya leƙo wurina ya ce, "Maƙwabci, yi mini kujera ɗaya mai ƙarfi, kafin bawan Allahn nan ya karya mini kanta."

Daga Injiniya sai Alƙali, daga Alƙali sai wasu. Abin ya zama ƙa'ida ba tare da kowa ya yanke ba: in labarin ritaya ya shigo guruf kuma mutumin a garin nan zai zauna, sai wani ya rubuta "Mai Risho, a tanadi kujera". Ni kuma in yanka bututu.

Shagon ɗaki ɗaya ne da ɗan sito a baya, da banɗaki a bayan siton. Akwai rumfar kwano a gaba, ita ma ni na yi. Abin da suke bukata duk yana nan: inuwa, butar lantarki ta shayi, soket na cajin waya, na'urar awon jini, da mutumin da ba zai ce musu su tashi ba. Tun hantsi suke haɗuwa. Su gyara ƙasa da baki, su sauke wannan minista su naɗa wancan, Injiniya ya zana gada a iska, Alƙali ya rushe ta. Tsakanin haka sai ka ji, "Mai Risho, shayin nan ya huce." Ko, "Kai tsohon banza, zo ka auna ni, kaina yana sarawa." Shi kuma ya fito da na'ura, ya duƙa, ya ɗaura, ya koma ciki.

Ciniki ya ja baya. Mace ba za ta ratsa dattawa tara ta je ta faɗi abin da ke damunta ba, gara ta taka zuwa kemis ɗin bakin titi. Na faɗa masa. Ya ce ya sani. Na ce to? Ya ce to me, ya kore su? Ina za su je?

Wanda ya ɗaure shi da gaske shi ne Rajistara. Dogon mutum ne mai tsafta, wanda aka ce a zamaninsa in ya shigo ofis har fanka sai ta rage ƙara. Bayan ritayarsa da kaɗan kansa ya fara zubar da abubuwa. Ya manta hanyar gida, ya manta sunayen 'ya'yansa, wani lokaci ya tambayi matarsa ko ita ce sabuwar sakatariya. A gida ba ya zama, da an kau da ido ya fice. Amma in ta kawo shi ƙofar shagon sai ya zauna lafiya lau, domin a ganinsa ofis ya zo. Likita yakan tara masa kwalayen magani da babu komai a ciki, ya kawo masa da biro, ya ce ga fayil-fayil na yau. Rajistara ya duba kowanne da kyau, ya sa hannu, ya ajiye gefe. Magani kuma ba ya karɓa daga hannun kowa sai Likita. Duk duniya suna ɗaya ya rage masa daidai, shi ne Mai Risho.

Matar takan sauke shi da safe ta tafi makarantar da take koyarwa, ta dawo da la'asar. Likita yana tsokanarta da Amarya, ita kuma ta ce, "Malam, amaryar da ta yi jika?" Ba ta cika godiya da baki ba, shi ya sa nake ganin girmanta. Takan share ƙofar shagon kafin ta tafi.

Ciwon ƙafar Likita kuwa ni na fara gani. Ya shigo wurina ya ce in yi masa ɗan gajeren benci da zai riƙa ɗora ƙafa a bayan kanta. Da ya ɗaga wando don in auna tsayi sai na ga bandeji, na ga abin da ya ɓullo ta cikin bandejin. Gyambo ne a saman idon sawu, ga shi da ciwon suga. Na ce tun yaushe? Ya ce kwana biyu. Irin kwana biyun da ake faɗa.

Ni na kira Auta, 'yarsa ta ƙarshe, nas ce a wani gari mai nisa. Bai ji daɗi ba, ya yi mako ba ya amsa gaisuwata da kyau. Ta zo ta kai shi asibiti da kanta. Abin da aka faɗa musu a can ba shi da kwana: ya sauka daga kan ƙafar nan ya kwanta a yi jinya, ko kuwa a wayi gari sai an yanke ta. Auta ta ce ta gyara masa ɗaki a gidanta, a ƙasa, ba hawa bene, mijinta ma ya sa an yi masa abin dafawa a banɗaki. Ta bango nake jiyo su. Ita tana magana, shi yana cewa to. Daga ƙarshe ta ce, "Baba, to ɗin nan na san ta. Ka faɗa mini rana." Ya ce ƙarshen wata.

Kuma ya yi abin da ya ce, wannan na shaida. Ya sallamar da magungunan ga mai kemis ɗin bakin titi, aka zo da mota aka kwashe. Kantoci suka zama wayam. Ya faɗa wa abokansa a fili cewa ya ajiye sana'a, zai koma wurin 'yarsa.

Sai Alƙali ya sa a guruf: Mai Risho ya yi ritaya. Wayarsa ta wuni tana ƙara. Wanda ke ƙasar waje ya rubuta, wanda bai taɓa taka layin ba ya rubuta, kowa yana cewa ba a yi mutum irinsa ba. Suka haɗa masa walima a ƙarƙashin rumfar, aka yi jawabai. Injiniya ma ya yi nasa. Aka ba Likita agogon bango. Duk tsawon jawaban yana tsaye, domin shi ke zagayawa da butar shayi.

Kafin walimar Alƙali ya same ni ya ce a yi kujera ta Mai Risho, ta fi sauran kyau. Na yi ta da zuciya ɗaya, na sa mata wurin miƙe ƙafa mai naɗewa, na yi ta yadda za ta shiga bayan motar Auta. Da aka gama jawabai na ɗauko ta zan kai gidansa. Alƙali ya ce, "Malam mai walda, ina za ka da ita? Ajiye ta nan kusa da tawa. Ai nan ne wurin 'yan ritaya."

Na ce mutumin tafiya zai yi.

Ya ce, "Wace tafiya? Ya je ya ga jikoki ya dawo. Yanzu ma ya samu lokacinmu."

Sauran suka yi dariya, aka tafa. A nan na gane ba su ji abin da ya faɗa musu ba. Kunnensu ya ji, amma a wurinsu ritaya ita ce mutum ya bar ofis ya zo ƙofar Mai Risho. Ba su san wata ba. Na dubi Likita. Yana riƙe da agogon a ƙirji.

Na yi abin da zan iya. Shagon nasa ne, ba haya ba, don haka na ce ya bar musu shi su riƙa zama. Na sayo sabon kwado mai makulli uku, na ba Alƙali ɗaya, Injiniya ɗaya, na riƙe ɗaya. Likita ya nuna wa Injiniya inda ake kunna buta, ya nuna wa Alƙali yadda ake ɗaura na'urar awo. Duka suka ce ai wannan ba wani abu ba ne. Matar Rajistara tana gefe tana kallo. Ba ta roƙi Likita ya zauna ba. Ta ce Allah ya ba da lafiya, ta sunkuyar da kai.

Ranar tafiya Auta ta iso da safe, ta ɗauko shi daga gida da akwatinsa. Ya ce su biya ta layi ya yi sallama. Ta ce an yi sallama a walima. Ya ce ai hanya ce.

A lokacin dattawa suna tsaye a ƙofar shago a rufe. Alƙali ya bar makullinsa a aljihun wata rigar. Injiniya ya zo da nasa, amma yana jiran Alƙali, wai shi ne babba. Mutane ne da duk rayuwarsu in sun iso ƙofa sukan tarar an buɗe. Na ajiye aikina na je na buɗe, na fito da kujeru.

Rajistara ya ƙi zama. Ya leƙa ciki ya ga kantoci babu komai, ya ce wa ya kwashe masa fayil. Injiniya ya miƙa masa wani kwali, ya buge hannun. Matar ta kawo maganinsa, ya ce bai san ta ba. Ya juya ya nufi babban titi da sauri, yana kiran Mai Risho, motoci suna ta hon. Ni da ita muka bi shi. Na kama hannunsa, ya fizge, ƙarfi gare shi kamar ba tsoho ba.

Daidai nan motar Auta ta shigo layin.

Na ga Auta ta riƙe wa Likita hannun riga. Na ga ya zare hannunta a hankali. Ya fito yana ɗingishi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ana jiranka a ofis." Rajistara ya tsaya cak, ya gyara wuyan riga, ya ce ya aka yi ya makara. Likita ya ce a yi haƙuri. Ya kamo shi suka dawo, ya zaunar da shi, ya shiga sito ya tattaro kwalayen da suka rage, ya ba shi magani ya haɗiye.

Ya ce wa Auta minti biyar. Ta zauna cikin mota har rana ta take. Tana da aiki washegari, ga hanya. Ta fito ta sauke akwatin, ta kawo shagona. Idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kawu, ajiye wannan. Ranar da ya shirya ka kira ni, ko ina kan aiki zan zo." Ta je ta durƙusa ta canja masa bandeji a gaban abokansa, don su gani. Suka gani. Alƙali ya ce lallai a kula da ƙafar nan, ba abin wasa ba ce. Tana tada mota wani ya ce a ɗora shayi.

Yanzu kullum yana buɗe shagon da babu ko ƙwaya ɗaya ta sayarwa. Mai kemis ɗin bakin titi yana aiko masa da kwalaye. Agogon yana rataye a bangon da babu komai. Bandejin da ke idon sawu ya hau zuwa ƙwauri, kuma ya fara riƙe sanda. Kujerarsa tana nan kusa da ta Alƙali, a kanta ake ajiye jarida da kofuna. In na matsa masa yakan zauna, ya miƙe ƙafar, kafin ta huta an kira shi. Auta tana bugo mini duk mako, in ce mata yana nan.

Makon jiya wani labarin ya shigo guruf, wani darakta ya gama. Da hantsi sai ga Likita a ƙofata, ya jingina da sanda.

"Maƙwabci, kujera ɗaya."

Na ce ba ni da ƙarfe.

Ya dubi tulin bututun da ke bayana. A ƙarƙashinsu akwatinsa yake, na rufe shi da buhu saboda tartsatsi. Ya daɗe yana kallon wurin.

Ya ce, "Shi ke nan. Sai a ba shi tawa."

Ya juya, domin Rajistara ya fara kira.