Ruwa a Garwar Fetur

Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, kuma ban cika fita ba sai suna ko gaisuwar mutuwa. Amma shekara fuɗu ina jin motar nan ta bayan katanga. Maigidana direban malamin daji ne a Kebbe, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, motar kuwa tsohuwa ce da wani Bature ya bari. Ina daka ina sauraronta. Idan fulogi ya mutu ɗingishi take yi, ta buga uku ta tsallake ɗaya. Idan batir ne, nishi take kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Kafin ya shigo gida na san irin fuskar da zai shigo da ita.

Wata damina ƙanwata ta dawo wurin Inna haifuwar fari. Kwana biyu tana naƙuda. Ungozoma ta yi iya nata, ta kira Inna gefe ta ce a nemi asibiti. Maigida ya roƙi aron motar, aka ba shi. Da hantsi ya ɗauko garwar fetur da yake ajiyewa a zaure, ya juye a tanki, muka shimfiɗa ƙanwata a baya, kanta bisa cinyata, Inna na riƙe da ƙafafunta. Muka kama hanyar Tambuwal.

Ba mu yi nisa ba na ji motar ta canja murya. Sai ta ja, ta shaƙe, ta yi tari, ta sake ja. Mun gangara wata fadama ke nan ta yi shiru.

Maigida ya ɗaga murfin inji. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya kankare da wuƙa, ya busa, ya mayar. Ya murɗa motar da ƙarfen da ake tayar da ita ta gaba. Ta kama, ta yi tartsatsi, ta mutu. Ya duba wayoyin batir. Ya sake kwance fulogin da ya riga ya wanke. Hadari na haɗowa gabas, kuma duk mun san idan ruwa ya sauka fadamar nan ba ta ƙetaruwa sai bayan kwana biyu.

"Yaya, mun iso?" in ji ƙanwata.

"Saura kaɗan."

"Tun ɗazu kika ce haka."

Ni kuwa tun tarin farko na gane. Na san tartsatsin nan. Haka fitilar ƙwai take yi in kananzir ya haɗu da ruwa. Kuma na san inda ruwan ya fito. Ranar da naƙuda ta fara, tuluna sun kasa, ana ta dafa ruwan zafi. Na ga garwa biyu a zaure, na juye sauran man ɗaya cikin ɗayar, na yi ta jido da ita daga rijiya. Duk matan unguwa da garwar fetur suke ɗibar ruwa, ba wani abu ba ne a wurinmu. Da na gama na mayar da man cikinta don kada ya gane an taɓa masa kaya. Ban kife ta ta bushe ba.

Na zauna da maganar nan a bakina kamar tsawon sallar azahar. Tsoron faɗansa nake ji, gaban Inna kuma. Sai ƙanwata ta daina nishi. Hannunta ya yi sanyi cikin nawa.

"Malam," na ce, "ba fulogi ba ne."

Bai ɗago ba. "Ke ji da marar lafiya."

"Ruwa na cikin man. Ni na sa shi."

Ya ɗago. "Mi kika ce?"

Na faɗa masa duka. Ya dubi Inna, ya sunkuyar da kai, don ba a ɗaga murya gaban suruka. Ya kwance wani ɗan kofin gilashi da ke jikin famfon mai, ya ɗaga shi ga haske. Ga fetur a sama, ga ruwa kwance a ƙasa, rabe kamar mai da romo.

Ya kwanta cikin laka ƙarƙashin motar, ya sassauta noti a gindin tanki. Na fito na tara masa ƙwaryar da muka zo da fura.

"Ki faɗa min in ya koma mai zalla. Ni ba ni gani daga nan."

Na kasa kunne. Ruwa ɗigarsa da nauyi, fetur kuwa sulalewa yake.

"Yanzu. Ɗaure."

Ya busa bututun mai da bakinsa, ya tofar, ya wanke kafireto, inda mai ke shiga inji. Murɗawa ta uku ta tashi. Ta yi tari sau biyu, sannan muryarta ta daidaita. Yayyafi ya same mu muna hawa tudu.

Bayan la'asar muka shiga Tambuwal. Ƙanwata ta tashi, har ta haifi shida daga baya. Na ranar nan namiji ne, bai zo da rai ba. Malamin asibiti ya ce wa Inna Allah kaɗai ya san lokacin da ya tafi. Na so in tambaye shi ko da mun iso da azahar da an same shi da rai. Na bi shi har bakin ƙofa, sai na ce masa sannu da aiki, na dawo na zauna kusa da ƙanwata.