Rigunan da Muka Farke

Shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, Daura ta cika da sababbin kaya. Kowa da rediyo a hammata, kowa da shadda mai ɗaukar ido, tsofaffin riguna kuwa suka zama kayan cika adaka. Amma ƙauyukanmu ba su gama farfaɗowa daga fari ba. Kullum sai ka ga magidanci ya shigo gari hannu rabbana, shanunsa sun ƙare.

A lokacin ne muka kafa ƙungiyar taimako, mu bakwai a kwamiti. Masu hali su kawo kayan da suka daina sawa, mu sayar a shago, abin da aka samu a koya wa mutane ɗinki da shi. Ni tela ne, don haka koyarwa ta faɗo kaina. Ɗalibaina huɗu, duk masu iyali. Keken ɗinki ɗaya tal, shi ma na aro, mai shi ya ce da an yi salla zai ɗauki abinsa.

Kaya kam sun zo, har da manyan riguna masu aska takwas, irin waɗanda ni da nake tela ban taɓa mallaka ba. Na rataye su ina ta washe baki. Wata biyu cur ba wanda ya taya ko hula. Mutum ya shigo, ya shafa, ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya fice. Na karya farashi, shiru. A raina na ce mutanen garin nan girman kai ne zai kashe su.

Da kwamiti ya zauna, shugabanmu, wani Alhaji mai fataucin shanu, ya ce, "A raba kayan nan sadaka, a rufe shago, kowa ya huta." Dokarmu ita ce ba a yanke komai sai an ɗaga hannu, kuma na duba fuskoki na ga zan sha kaye. Raina ya ɓaci, na miƙe ina ta faɗa har hulata ta faɗi. Malamin da ke cikinmu ne ya sa baki, aka ba ni sati uku.

Na koma shago ina huci. Babban ɗalibina wani Bafulatani ne daga wajen Dutsi, fari ya cinye masa garke, ga 'ya'ya biyar. In aka rufe shagon ba shi da wurin zuwa. Ya bari na gama masifata, sannan ya ce, "Malam, hushin banza kake yi. Ni da ba ni da riga biyu, ba zan sa waccan ba."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Ta Alhaji ce. Kowa ya san aikin wuyanta yadda na san shanuna. In sa ta ran Juma'a in tsaya sahu ɗaya da shi?"

Wallahi kunya ta kama ni. A Daura aka haife ni, shekara ashirin ina ɗinka wa mutanenta, amma sai da makiyayi ya faɗa mini abin da kowa ya sani.

Ranar muka ɗauki reza. Muka cire aikin wuya, muka farke rigunan ƙyalle-ƙyalle, muka kai marina. Babbar riga guda tana ba da jamfa biyu har da wandon yaro. Ɗalibaina suka samu abin koyon yanka da haɗi, ba sauran ɓata yadin mutane. Ran kasuwar Mai'adua muka tafi da ƙunshi biyu, kafin la'asar ba ko ɗaya. Da labari ya iso gida ga salla ta matso, mutanen Daura da kansu suka fara layi.

Ranar zaman kwamiti na tafi da Bafulatanin, yana sanye da jamfa shuɗiya da ya ɗinka da hannunsa. Alhaji ya kama gefenta ya murza, ya ce, "Kai, ina ka samo yadin nan? Yanzu ba a yin irinsa."

Bafulatanin ya ce, "Rigarka ce, ranka ya daɗe."

Ɗaki ya kaure da dariya, Alhaji ya fi kowa. Da aka ce masu son a ci gaba su ɗaga hannu, nasa ya riga nawa. Hannu bakwai! Aka kuma kafa doka: ba a rataye rigar kowa a shago sai an farke ta. Daɗin da na ji ranar har yanzu ban manta ba.

Bayan salla mai keke ya ɗauki abinsa, ba mu ko roƙe shi ba, don namu sabo ya iso daga Kano a bayan mota. Bafulatanin ne ya kwance igiyar. Ya daɗe yana shafa wuyan keken, sannan ya juyo idonsa cike da hawaye.

Ya ce, "Malam, wannan ko ba a yi ruwa ba, ba zai mutu ba."