Na Huɗu, ta Bayan Katanga

Mahaifiyata ta san fim ɗin 'Yan Sama fiye da kowane saurayi a garinmu, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa ganinsa da idonta ba. Sunanta Hauwa'u, amma daga ƙauyenmu har kasuwar Makoɗa babu wanda ya san ta sai da Kulu mai ƙuli. Ni ne ɗanta na fari, Ja'afaru, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba saboda kunyar ɗan fari. In za ta yi min magana sai ta kalli gefe ta ce, "Kai, wannan." Da na zama malamin makaranta ne ta samu sauƙi, ta koma ce min Malam.

Mahaifinmu, Malam Uwaisu, ya tafi cin rani kudu a shekarar da taki ya gagari talaka, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙi gaba. Mutum ne mai ɗingishi, kurkunu ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana yaro, tun daga zaure muke gane takunsa. Ya ce zai dawo kafin ruwan shuka. Ruwa ya sauka ya ɗauke, wani ya sake sauka, shiru. Wani ya ce ya gan shi yana dako a wata tasha, wani ya ce rikici ne ya rutsa da shi. Dangi suka ce alƙali zai iya raba auren ta huta. Inna ta ce ita ba ta aiki kowa ba. Ta jawo kaskonta ta kama suyar ƙuli, da shi ta ciyar da ni da ƙanwata Safara'u.

Shekara biyu bayan tafiyarsa maƙwabcinmu Sama'ilu ya buɗe gidan kallo a kangon da ke manne da madafinmu. Talabijin ɗaya, bidiyo ɗaya, da ɗan janareta mai tarin fuka. Fetur ya yi wuya a lokacin, saboda haka fim ɗaya yake sawa a yini, bayan la'asar, kuma liman ya gindaya masa sharaɗi a tashi kafin magariba. Daga Dambatta yake karɓo kaset, na Indiya da na 'yan China, amma wanda ya fi komai kama mu shi ne na wasu mutane da ke yawo cikin jirgi tsakanin taurari. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakinmu, muka sa masa 'Yan Sama. Kashi biyar ne a lokacin, Sama'ilu ya yi ta juya su har hoton ya fara rawa.

Talabijin ɗin a jikin katangarmu yake jingine, ya juya wa Inna baya. Sama'ilu ya huda 'yar kafa a ƙasa inda hannu zai wuce, ta nan take miƙa wa 'yan kallo ƙuli. Ko ta leƙa, ƙafafun benci kawai za ta gani, kuma ba za ta leƙa ba. Matar aure, mijinta ba ya gari, a ce an gan ta tana leƙen samari? Sauti dai yana ratsa katangar ƙasa tsaf, tana murza ƙuli tana ji, yau da gobe, har ta haddace.

Kuma tana da ra'ayi, ba ta ɓoye shi. In mun dawo muna musu a tsakar gida ni da abokaina kan wanne ya fi, sai mu ji ta tanka daga madafi, wai da Safara'u take magana. Na ɗaya, in ji ta, hayaniya ce kamar an saki jaki a kasuwa. Na biyu tana ɗan raga masa saboda wani tsoho mai magana a hankali, ta ce daga ji yana da tarbiyya. Na uku, wanda mu za mu iya yin dambe a kansa, ta ce sussuka ce kawai, bugu daga farko har ƙarshe ba a ga tsaba ba. Da aka kawo na biyar, ita ta fara cewa an canza matar da ke cikin fim ɗin, muryar ba ta da ba ce. Muka yi dariya, sai da Sama'ilu ya ƙura wa kwalin ido ya ce wallahi gaskiyar Kulu ce.

Nata shi ne na huɗu, wanda duk muka tsana. Babu harbi sai can ƙarshe, surutu ne da shiru. Da an kai tsakiya samari ke miƙewa su fita shan iska, wasu su durƙusa bakin kafa su sayi ƙuli. Har tsokanarta ake yi wai don ranar na huɗu ta fi ciniki shi ya sa take son sa. Ba ta taɓa musa musu ba.

Wata rana da rani, ina ɗan shekara goma sha bakwai, na shiga madafi shan ruwa ana cikin na huɗu. Na tarar ta sauke kasko daga wuta, ta tsaya da matsami a hannu, kunnenta na wajen katanga. Na ji ƙarar ƙofar jirgi ta buɗe, irin hucin nan kamar an kwance tayar keke. Sai taku: ɗaya da nauyi, ɗaya a ja, ɗaya da nauyi, ɗaya a ja. Sai shiru mai tsawo. Daga nan wata mace ta yi wani sauti, ba dariya ba, ba kuka ba.

Ba ta juyo ba ta ce, "Kai, wannan. Wanda ya shigo ɗin nan, yaya kamanninsa? Ta gane shi?"

Na ce, "Inna, ai wurin nan fita muke yi."

Gaskiya na faɗa. Amma taku goma ne daga madafin zuwa ƙofar Sama'ilu, kuma duk sati biyu sai an maimaita na huɗu. Ban taɓa zama na duba mata ba. Na san takun wa take ji a ciki, yaro ne ni amma ba wawa ba, kuma ina jin abin da ya sa nake gudun wurin ke nan. Ita kuwa da ta daure ta tambayi ɗan fari sau ɗaya, ba ta sake ba.

Na tafi makaranta Kano, na samu aikin koyarwa, na auri 'yar birni. Sama'ilu ya watsar da kaset ya koma nuna ƙwallo, aka toshe kafar da laka. Ranar sunan 'yata ta fari aka kawo Inna gidana. Mata sun cika falo, dangin matata da leshi da turare, ana kallon wani abu a talabijin. Inna na takure a gefen kujera, ta daɗe tana kallon akwatin ta gaba. Sai ta raɗa wa Safara'u magana. Safara'u kuwa ba ta iya raɗa ba, ta ɗaga murya daidai lokacin da na leƙo:

"Yaya, wai Inna ta ce ko na'urar nan taka tana yin 'Yan Sama na huɗu?"

Falo ya ɗauki dariya. Wata gwaggon matata ta ce, "Iye, ashe Inna 'yar zamani ce!" Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Maimakon in ce zan nemo, sai na ji bakina yana cewa, "Haba Inna, wannan ai na yara ne. Ke yanzu ai sai carbi."

Ta gyara mayafinta ta ce, "Haka ne, Malam."

Uwar da ta ƙona hannunta a mai don in yi karatu, da karatun na yi mata wa'azi a gaban baƙi. Ranar kunyar ƙauyancinta nake ji. Yau kunyar kaina nake ji, kuma ta fi waccan nauyi nesa ba kusa ba.

Idonta ya fara dushewa a hankali, ba ta faɗa wa kowa ba sai da ta zuba gishiri a koko. Da muka kai ta asibiti likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, an makara. Ta ajiye kasko, Safara'u ta dawo gida da zama tana kula da ita.

Bara, da tsadar rayuwa ta sake dawowa har zuwa gida ya zama sai an yi shiri, na je gaishe ta. Zan tafi ke nan ta kira ni, wannan karon ba ta bi ta kan kowa ba.

"Malam. Na huɗun nan. Sun ce gani ya kori ji, to ni gani ya wuce ni. Amma kai kana gani. In ka samu ka zo ka faɗa min."

Na ce in sha Allahu. Wata uku ina mantawa. Ranar da zan koma, sai a tasha na tuna, na tsaya wurin masu tura fim a waya. Mai shagon ya ce ai 'Yan Sama yanzu sun kai goma sha biyu, shi daga na bakwai yake da su, tsofaffin babu mai tambaya. Ya ce na tara ya fi kowanne, duniya ta shaida. Kwandasta na ƙwala kiran saura mutum ɗaya. Na ce ya tura min na tara. A mota na lallashi kaina: shekara kusan talatin, tsohuwa, ba ta gani, jirgi ai jirgi ne.

Na tarar ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita unguwa, har da kwalli a idon da ba ya gani. Bayan la'asar na jingina waya a cikin kwano don sauti ya fito, na zauna a bakin tabarmarta. Fim ya fara da harbe-harbe. Can wata ƙofa ta buɗe, na yi wuf na ce, "Ga wurin nan, Inna. Ga shi ya shigo."

Ta ce, "To. Yaya yake?"

Na ce ƙato ne, ya yi ƙiba, ga kaya niƙi-niƙi ya zo da su. Na ce matar ta ruga ta tare shi. Ƙarya na ta zubowa kamar an buɗe famfo, har ina jin daɗin kaina wai ina faranta mata. Ta bar ni na kai ƙarshe, awa biyu cur, hannunta a kan gwiwa.

Da aka gama ta ce, "Allah ya yi albarka. Waɗannan ma sun yi ƙoƙari." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai matar ba ita ba ce, tun a na biyar suka canza ta. Kuma na cikin na huɗu ɗingishi yake yi."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce na yi ƙarya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na zauna ina kallon kwanon, na rasa inda zan sa fuskata, duk da na san ba ta ganin ta. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko zurfin taki bai yi ba.

Na fara nema da gaske. Na je wurin Sama'ilu, ya ce gara ta cinye kwalin kaset tun tuni. Na koma Kano na yi maganar a ɗakin malamai, ina jin nauyi, sai wani abokin aikina ya karɓi wayata ya ɗan latsa. Kafin shayina ya huce ya miƙo min na huɗu. Abin da aka roƙe ni shekara da shekaru, iyakar wahalarsa ke nan.

Ban jira hutu ba, ranar Asabar na kama hanya. Na sa waya a kwano, kiɗan farko na tashi ta ɗaga kai ta ce, "Yawwa." Muka yi ta ji, tana gaba da fim ɗin, tana cewa yanzu tsohon zai yi tari, sai kuwa ya yi. Da aka kusa wurin na matso, na share maƙogwaro, na ƙudurta ko ƙiftawa ba zan yi ba.

Sai ta ce, "Tsayar da shi, Malam."

Na tsayar.

"Kira min Safara'u. Ita za ta faɗa min."

Na kira Safara'u daga bakin rijiya, na nuna mata inda za ta danna, na ɗauki takalmina na fita. Ƙafata ta kai ni tsohon madafin, wanda bangonsa ɗaya ne da ɗakin Inna. Murhun na nan, toka ta daskare a ciki.

Daga nan na ji hucin ƙofar. Na ji takun, ɗaya da nauyi, ɗaya a ja. Na ji Safara'u, wadda ba ta iya raɗa ba, ranar ta iya, ban kama ko kalma ɗaya ba. Shirun ya yi tsawo, matar ta yi sautin nan nata.

Sai muryar Inna ta ratso bango, a hankali:

"Ayya. Ashe ramewa ya yi."