Ledar Burodi a Kan Igiyar Shanya

Ni nas ne a Kafanchan, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakinmu na asibiti ya san bakina ba ya hutu. Na taɓa ba wani mai sabon ɗinkin tiyata dariya har likita ya kore ni waje. Matata ta ce ko ranar jana'izata sai na katse fasto.

Da na koma ƙaro karatu aka ce sai na yi bincike. Na zaɓi mutanen da aka yi wa aikin hanji, aka buɗe musu ƙofa a gefen ciki, bayan gida yana zuba cikin jakar da ake mannawa. Tambayar ita ce ko sun gamsu da kulawarmu. Takardar tambayar tana da akwati biyar, daga "sam ban gamsu ba" zuwa "na gamsu ƙwarai".

Cikin mutanen akwai wani dattijon ikkilisiya, manomin citta daga wajen Gwantu. Ranar da ya zo a duba shi na tare shi a benci, cikin jama'a.

"Baba, ai ka fi gwamna. Mu sai mun ruga daji, kai kuwa ban-ɗakinka na biye da kai."

Ya yi dariya, benci ya ɗauka.

"Yaya jakar?"

"Mun gode Allah, likita." A wurinsu duk namiji mai farin kaya likita ne.

"Muna kula da kai?"

"Kun yi ƙoƙari, ɗana."

Na cike akwati na biyar. A ƙasar nan aka haife ni fa. Na san dattijonmu ba ya ce wa wanda ya wanke masa jiki bai kyauta ba, balle a gaban mutane. "Mun gode Allah" ubana ya ce ranar da gobara ta cinye rumbunmu. Na sani sarai. Amma ya yi dariya, ni kuma dariya nake nema.

Na miƙa binciken, na ci, har aka tafa mini.

Bayan watanni na je biki ƙauyen dattijon nan, na ce bari in leƙa. Matarsa ta ba ni ruwa. A igiyar shanya na ga ledojin burodi wankakku, jere kamar kayan jarirai.

"Mama, gidan burodi kuka buɗe ba ku gaya mini ba?"

Ba ta yi dariya ba.

"Jakan ya ƙare tuntuni," in ji ta. "Wannan muke sa mashi da filasta. Yana yoyo. Tun da aka yi aikin bai shiga coci ba. Shi da yake buɗe sujada da addu'a."

Baba yana can ƙarƙashin mangwaro, nesa da ɗakuna. Na zauna kusa da shi. Barkwanci uku suka taso mini a wuya, na haɗiye su, kuma tun da aka yaye ni ban yi aiki mai wuya haka ba.

"Baba, ranar nan me ya sa ba ka gaya mini ba?"



"Kana ta wasa, ɗana. Ban so in ɓata maka ba."

Asabar ta gaba na dawo a babur da jakunkuna, na koya wa Mama yadda ake yanka bakin jakar daidai da ƙofar cikinsa. Na kwana. Ran Lahadi ya sa babbar riga, muka taka tare har ƙofar coci, sai ya tsaya. Bai shiga ba. Muka zauna a kan dutse ƙarƙashin taga, yana bin waƙa a hankali, hannunsa dafe da gefen ciki. Sai Lahadi ta huɗu ya shiga, benci na ƙarshe, in ji Mama.

Binciken yana nan a ɗakin karatun makarantar, da bango mai kyau, yana cewa mutanenmu sun gamsu. Sauran da na tambaya, su ma duk na ba su dariya. Gidan Baba kaɗai na je.