Na Ɗaure Hannun Likitan Ido

Ba zan faɗi sunana ba. Ba don kunya ba, kunya ta ƙare mini tun ranar da aka fito da ni daga kotu da ankwa a gaban 'yan unguwarmu. Na ɓoye shi ne saboda mahaifiyata tana raye, kuma abin da ta sha a kaina ya isa. Ku samari da 'yammata, ku karanta wannan da kyau, domin da fushi nake rubuta shi, kuma mafi yawan fushin a kaina yake.

Ni ɗan Daura ne, ɗan tela. Mahaifina ya rasu ina sakandare, Inna ta riƙe ni da sayar da ƙuli-ƙuli. Ba na shan komai, ba na faɗa, ba na wasa da salla. Aibina ɗaya ne: littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. A cikinsu kullum saurayi yana da farar mota, yana da mutane a Abuja, ya ɗaga waya sau ɗaya matsala ta warware, budurwa ta dube shi idanunta cike da hawayen godiya. Ban taɓa tambayar kaina daga ina yake samun wannan ƙarfi ba. Ni dai na so in zama shi.

Da na gama makaranta sai na samu aiki a wani shagon kwamfuta kusa da tasha. Muna buga takardu, muna hoton fasfo, muna katin biki. Wata rana wani ya roƙe ni in rage masa shekaru a takardar haihuwa, zai nemi aikin ɗamara. Na yi, ya yi godiya kamar zai kwanta. Bayansa wani ya zo da sakamakon jarrabawa, lissafi ne ya kayar da shi. Na tayar da shi. Ban ɗauki abin a matsayin laifi ba, taimako nake ce masa.

Sai wani mutum daga Kano, Alhaji Tanimu, mai harkar biza, ya ga aikina. Ya jujjuya takardar a haske ya ce, "Yaro, wannan hannun naka kake ɓatawa a katin biki?" Shi ya koya mini yin hatimi da kwaikwayon sa hannu. Shi ya ce in riƙa sa shadda, in riƙa cewa ni ejan ne mai hanya a manyan ofisoshi. Na sayi babur, na sayi turare, na fara magana a hankali kamar mai abin duniya.

A lokacin ne Rumasa'u ta shigo shagon da wata jakar takardu. Har yau idan na rufe ido ina ganin ta: mayafi ruwan zuma, ɗan siririn lalle a yatsu, murya kamar ana zuba ruwa a sabon tulu. Na ji a raina littafina ya buɗe. Takardun mahaifinta ta kawo a yi musu kwafi. Na ce, "Duk wannan ilimin na mutum ɗaya ne?" Ta yi murmushi ta ce, "Na mutum ɗaya ne, kuma har yanzu almakashi yake miƙa wa yara."

Daga baya, da na fara zuwa zance gidansu da la'asar, ta bayyana mini. Mahaifinta, Dakta Lawal, asalinsa ɗan garin Babban Mutum ne. Bayan ya zama likita a nan gida, ya tafi wata ƙasa a Asiya ya yi shekaru yana koyon aikin ido har ya ƙware. Sannan ya samu aiki a wata ƙasar Larabawa. Amma hukumar likitocin can ta ce ba za ta ɗauke shi a matsayin ƙwararre ba, sai an tantance takardar ƙwarewar tasa, sai kuma ofishin da ke kula da likitoci a ƙasarsa ya tabbatar cewa ya amince da ita. Ya tura, an ce makarantar ba ta amsa ba. Makaranta ta amsa, an ce tsarin ya canja, ya sake turawa. Shekara tana bin shekara. Shi kuwa yana can a matsayin ƙaramin likita, yana tsaye a ɗakin tiyata yana kallon yaran da ya isa ya koya musu suna yin aikin da ya fi su iyawa.

Wannan abu har gobe yana ba ni haushi. Mutum ya yi karatu na gaskiya, ya ci jarrabawa ta gaskiya, amma a bar shi yana jira har furfura ta cika masa gemu. A cikin irin wannan jira ne ɓarayi irina suke samun ƙofa. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Ƙofar tana buɗe, amma ƙafata ce ta shiga.

Rumasa'u tana ba ni labarin hawaye ya taru a idonta. Nan take na tuna saurayin littafi. Na gyara zama na ce, "Wannan ne ya sa ki kuka? Ai ina da mutum a ofishin. Wata guda ya yi yawa." Ta dube ni kamar yadda na yi shekaru ina mafarkin a dube ni. Wallahi a wannan rana ba kuɗi nake nema ba. Wannan kallon na saya, kuma da rayuwar mahaifinta na biya.

Kafin Dakta ya zo hutu an riga an kai gaisuwar iyaye, an sa rana. Na zama suruki. Ga shi kuma Rumasa'u 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, "yarinyar nan" yake ce mata. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Suruki ba ya zama da suruki su yi hira, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya duban fuskarsa. Ranar da na je gaishe shi, tun daga ƙofar zaure na cire takalmi, na durƙusa can nesa, kaina a ƙasa. Shi kuma ya juya gefe yana duban bango. "Lafiya lau, Allah ya yi albarka." Ya tashi ya shiga gida. Gaisuwarmu ke nan.

Maganar takarda kuwa ta hannun ƙanensa Baba Iro ta bi, mai fataucin shanu a kasuwar Mai'adua, mutumin kirki wanda bai san komai game da ofis ba. Ya same ni a shago ya ce, "Ɗana, Yaya ya ce in tambaye ka, wai ta wace hanya za a bi? Wai shi ya san daga ofis zuwa ofis ake aika irin wannan, ba a ba mutum a hannu."

Na yi dariya irin ta Alhaji Tanimu na ce, "Baba, haka ne. Za su aika tasu kai tsaye, ni kuma in karɓo masa kwafinsa."

Ya ce, "To madalla. Ni dama na ce masa, wanda ka ba 'ya ai ba ka tsare shi da tambaya kamar ɗan sanda."

Na ji daga baya cewa Dakta ya so ya kira ni ya ji daga bakina. Mahaifiyarsa, tsohuwa, ta ce masa, "Lawal, zaman Larabawa ya cire maka kunya ne? Ka zaunar da mijin 'yarka kana masa ƙwaƙƙwafi? Me za a ce a gari?" Sai ya haƙura.

Ni kuwa ko tashar mota ban je ba. Na kira Alhaji Tanimu, ya turo mini samfurin irin takardar, na zauna a bayan shago na haɗa ta. Ta yi kyau ƙwarai. Har alfahari na yi da ita. Na ce a raina, ai mutumin ƙwararre ne na gaskiya, ni dai na gaggauta masa haƙƙinsa ne. Na sa ta a ambulan na ba Baba Iro. Ranar a gidansu har waina aka yi aka rarraba wa maƙwabta. Rumasa'u ta ce mini, "Abba ya ce a gaya maka Allah ya saka da alheri. Bai taɓa aiko wa kowa da irin wannan ba."

Ya koma bakin aiki, ya miƙa takardar, ya sa hannu cewa duk abin da ya gabatar gaskiya ne. Abin da ban sani ba, da jahilcina, shi ne hukumar can ba ta gamsuwa da kyan hatimi. Duk takardar da aka ba su sai sun tuntuɓi inda aka ce ta fito. Suka tuntuɓa, aka ce ba a san da ita ba.

Ana saura 'yan makonni biki labari ya iso. An dakatar da Dakta a gaban ma'aikatan asibiti, an karɓe katinsa, an tsare shi ana bincike, daga ƙarshe aka soke lasisinsa aka sako shi a jirgi. Sunansa ya shiga cikin masu takardun jabu. Takardarsa ta gaskiya, wadda ya yi shekaru yana wahala a kanta, ita ma aka daina duban ta. A nan gida kuma aka dakatar da shi sai an gama bincike.

'Yan sanda suka ɗauke ni a shago. Na kira sunan Alhaji Tanimu, aka neme shi aka rasa. Na ji an ce yanzu yana nan da sabuwar mota, da wasu yaran masu kyan hannu. A kotu na amsa laifina. Da za a fita da ni na hango Rumasa'u a bakin ƙofa. Na zaci za ta yi kuka ko ta suma, kamar yadda ake yi a littafi. Ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ni na kai ka gidanmu." Ta juya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ina gidan yari aka yi mata aure, kuma ina roƙon Allah ya sa ta samu wanda ba ya karanta kansa a littafi.

Zaman kurkuku ba zan tsawaita a kansa ba. Akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, akwai tuwon da ba ka son tunawa. Akwai kuma wani malami da ya koya mana cewa tuba tsakaninka da Allah daban, haƙƙin mutum daban. Abokan da suke kira na "Oga Ejan" ko ɗaya bai leƙo ba. Inna kaɗai ke zuwa, kuma a kowane zuwa na lura tana ƙara laluben ƙofa.

Da na fito na same ta ba ta gani sai inuwa. Yanar ido ta rufe mata idanun biyu. Na ce zan nemi asibiti. Ta ce, "A'a. Ka kai ni Babban Mutum wurin Likita." Na ce, "Inna, da wace fuskar?" Ta ce, "Da wadda ka buga takardar."

Muka hau mota muka je. Mun same shi a ƙofar gidan gadonsu, ya dawo daga gona, ƙafafunsa duk ƙasa, yana gyara ƙotar fartanya da hannuwan da aka horar don aikin ido. Na cire takalmi na durƙusa nesa kamar da. Ya ce, "Matso. Babu surukuta tsakaninmu yanzu."

Ya shiga gida ya ɗauko 'yar tocila, ya wanke hannu, ya zaunar da Inna a tabarma. Ya ɗaga mata fatar ido a hankali yana cewa, "Hajiya, dubi nan. Yauwa. Dubi sama." Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kashe tocilar.

"Yana ce, ta nuna. Aiki ne mai sauƙi, na yi irinsa ba adadi. Da yau zan yi, gobe ta ga fuskarka." Ya ɗaga hannuwansa biyu ya dube su. "Amma ba ni da izinin taɓa ta. Ka kai ta babban asibiti ku bi layi."

Inna ta fara ba shi haƙuri, ya ce, "Hajiya, ke ba ki yi mini komai ba." Sai ya juyo gare ni, a karo na farko tun da na san shi, ya dubi tsakiyar idona.

"Akwai tambayar da na so in yi maka tun wancan lokacin, aka ce kunya. Kai da ƙafarka ka je ofishin nan?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Shi ke nan tambayar. Da na yi ta a zaure, da ba ka iya ɗaga ido ba, da na gane." Sannan ya ce, "Na yafe abin da yake nawa. Amma akwai tsofaffi a garin nan da ƙauyukan kewaye da suke zaune cikin duhu, ni kuma ina noma gero. Nasu ba ni da ikon yafe maka."

Yanzu na koma kan keken ɗinkin mahaifina. Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Ku samari, duk wanda ya ce muku gyaran takarda taimako ne, maƙaryaci ne, ko da shi ne ni. Kada ka ce kana da hanyar da ba ka da ita don wata ta dube ka. Ku likitoci da masu karatu a waje, duk tsawon jiran tantancewa, ku bi shi da kanku, kada ku ba ɗan tsakani, ko ɗanku ne. Ku iyaye, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma idan maganar ta shafi amanar rayuwa, ku zaunar da suruki ku dubi idonsa ku tambaye shi. Ku kuma masu riƙe da takardun mutane a ofisoshi, ku ji tsoron Allah, kowace shekara da kuka ƙara wa mai gaskiya, kasuwa kuka buɗe wa irina.

Har yanzu Dakta yana jiran a dawo masa da lasisi. Mu ma an ba mu rana a asibiti, an ɗaga, an sake ba mu wata. Kullum da safe ni nake kama hannun Inna in kai ta inda za ta yi alwala. Takan shafa fuskata da tafinta ta ce, "Ka rame ne, ko haka kake?" Ba ta ga fuskata ba tun da na fito.